Sabon Shafinmu na Intanet: Amsoshin Tambayoyin Iyaye, Ɗalibai da Masu Tallafa Mana

Assalamu alaikum. Tun da muka buɗe sabon shafin nan tambayoyi suke ta zuwa, wasu ta WhatsApp, wasu a bakin ƙofa idan iyaye sun zo ɗaukar yara, wasu kuma daga bakin malamanmu masu sana'a. Ni ƙungiya ta ɗora wa kula da aikin tun daga farkonsa, shi ya sa na tattara tambayoyin wuri ɗaya na amsa. Ga wanda bai san mu ba: ƙungiya ce da ba ta neman riba, muna koya wa yara da matasa zane, zayyana, rini, dukanci, ɗinkin hula da ɗaukar hoto a cikin birnin Kano.

Me ya samu tsohon shafin da har aka rushe shi aka yi sabo?

Tsohon shafin da Turanci aka gina shi tun daga sama har ƙasa. Wanda aka yi wa shi kuwa shi ne mutumin da ke zaune a ofis a Abuja ko Landan, gaban babbar kwamfuta, yana duba ko mun cancanci tallafi. Wannan mutumin ya samu abin da yake nema. Uwar da ke Yakasai ko Kurna, mai son ta san ranar da ake fara ajin zane, ita ce ba ta samu komai ba.

Na ga haka da idona. Wata Hajiya ta zo da jikarta, ta miƙo mini wayarta ta ce, "'Yar nan, duba mini, tun jiya abin yake ta juyi ya ƙi buɗewa." Da na karɓa sai na ga bidiyon da ke kunna kansa a shafin farko ya cinye mata data kaf, ba ta ko kai inda aka rubuta lokutan karatu ba. Su kuwa lokutan karatun suna cikin wata takardar da sai an sauke ta, a can shafi na uku, ƙarƙashin wani kanu da ko mai Turanci sai ya yi tunani kafin ya gane abin da ake nufi. Ta biya kuɗin adaidaita daga unguwarsu don ta tambayi abin da layi biyu zai gaya mata. Ranar na kasa barci da wuri.

Da muka zauna da amintattun ƙungiya, sai muka tsayar da magana ɗaya: duk abin da za a sa a sabon shafi, a fara gwada shi a ƙaramar waya, da data kaɗan, a hannun mutumin da bai taɓa ganinsa ba. Abin da ya kasa wucewa a wannan gwajin, komai kyansa, an cire shi.

Adireshin shafin ya canja ne?

Bai canja ba. Tsofaffin hanyoyin da kuka ajiye ko kuka tura wa wasu duk mun haɗa su da sababbin shafuka, za su kai ku inda ya dace. Idan kun danna wata ta kai ku inda babu komai, ku turo mana ita mu gyara.

Don me Hausa ce take fara fitowa? Masu ba da tallafi ai Turanci suke karantawa.

Wannan ce tambayar da muka fi daɗewa a kanta, kuma wasu daga cikin amintattunmu sun ji tsoro, tsoron da nake ganin yana da dalili. Amsata ita ce: mai ba da tallafi yana da kwamfuta mai kyau da intanet marar yankewa, danna madanni ɗaya ya koma Turanci ba zai gagare shi ba. Madannin yana nan a saman kowane shafi. Uban da ke sayar da kaya a Kantin Kwari, wanda zai duba shafin tsakanin ciniki da ciniki, idan ya ga Turanci a farko rufewa zai yi, kuma ba zai dawo ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Sana'o'in da muke koyarwa da Hausa suka girma. Karofi, katsi, baba, shuni, bugu, aska takwas, dagi, zanko, makuba: kowace kalma a cikin waɗannan ilimi ce sukutum. A tsohon shafi an murƙushe su duka sun koma kalmomin Turanci biyu ko uku masu nufin "aikin hannu na gargajiya". Yanzu da Hausa muke fara rubuta kowane bayani, daga bakin malamin da ke koyar da abin, sannan a mayar da shi Turanci. Inda Turanci ba shi da kalma, sai mu bar ta Hausa mu yi mata bayani.

Na ga kuna rubuta ɓ, ɗ da ƙ. A wayata wani lokaci akwati nake gani a madadinsu.

Tsohon salon rubutun da aka zaɓa wa shafin ba shi da haruffa masu ƙugiya, shi ya sa a wasu wayoyin suke fitowa kamar ƙaramin akwati, ko su fito da wata kama daban a tsakiyar kalma. Mun canja zuwa salon da ke da su duka, manya da ƙanana. Idan har yanzu kuna ganin akwati, ku sanar da mu irin wayar.

Wani ya ba mu shawarar mu watsar da ƙugiyar gaba ɗaya tunda mutane da yawa ba sa sa ta a saƙo. Ba mu yarda ba. A wurinmu saƙa sana'a ce, saka kuwa wani abu ne daban. Ƙira aikin maƙeri ce, kira na mai kira ne. Baƙi launi ne, baki na magana ne. Makarantar da ke koya wa yaro ya lura da bambancin layi da layi bai kamata ta yi sakaci da wannan ba. Amma wurin bincike mun sauƙaƙa: ko kun rubuta "dinki" ko "ɗinki", abu ɗaya zai fito muku. Mai son rubutu da ƙugiya kuma, manhajar Gboard tana da allon rubutun Hausa, sai a ƙara shi a saitin waya.

Ajami fa?

Wani dattijo cikin malaman zayyana ne ya fara yi mini wannan tambayar, kuma ya yi gaskiya, domin iyayen ɗalibanmu da dama sun fi sakewa da ajami a kan boko. Abin da muka iya yi yanzu shi ne shafin da ke bayanin azuzuwa da yadda ake shiga, an rubuta shi da ajami. Mun yi amfani da salon rubutun kwamfuta mai suna Alkalami, wanda ƙungiyar SIL International ta tsara bisa irin rubutun da aka saba gani a Kano, mai kaurin nan na Alƙur'anan Warshu. Malamin da kansa ya bi shi layi-layi ya gyara wasula, musamman imala. Sauran shafukan ba mu kai gare su ba tukuna, domin kowane sai an rubuta shi da hannu an duba, ba aikin da za a bar wa na'ura ba ne.

Data nawa shafin zai ci mini?

Kaɗan ƙwarai. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabait 3 zuwa 5, kuma haka ake ɗora su a da, ba a rage komai ba. Yanzu kowane hoto ana rage nauyinsa ya koma kamar kilobait 100 zuwa 200 kafin ya hau, kuma hoton da ke can ƙasan shafi ba ya buɗewa sai kun gangaro wurinsa. Babu bidiyon da zai kunna kansa. A ƙarƙashin kowane bidiyo mun rubuta tsawonsa da nauyinsa, ku ne za ku zaɓa ko ku kalla yanzu ko ku bari sai dare.

Gwajin ma ba a ofis muka yi shi ba. Mun ari tsofaffin wayoyi irin waɗanda ake sayarwa na hannu a Farm Centre, muka shiga da su lungunan cikin gari inda sabis yake zuwa yana tafiya. Rubutu ne yake fara fitowa, ko hoto bai zo ba za ku ga lokacin aji da wurin da ake yi.

To in an rage nauyin hoto, ba a ɓata aikin yaran ba?

Nan ne aikin ya fi ba mu wuya, kuma nan ne na fi koyon abu. Zanen fensir da na alli ba su damu ba. Rini ne ya tsaya mana.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ya san shuɗin baba kala-kala ne. Yadi yana fitowa daga karofi, wato ramin rini, da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonka. A sake tsoma shi ya ƙara duhu, a sake, a sake, har ya kai inda ake ce masa baƙi alhali shuɗi ne ya cika ya tumbatsa. Daga nan in ya je hannun mabuga suka buge shi a kan gungume, sai ya ɗauki ƙyallin nan da aka san rawani ɗan Kura da shi. To duk wannan, da aka matse hotunan farko, ya tafi. Abin da ya rage a fuskar waya baƙin ƙyalle ne kawai. Malamin rini ya kalla ya daɗe, sannan ya ce da ni, "Malama, wannan ba aikin yarana ba ne." Ban yi masa musu ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai muka sake ɗaukar hotunan duka, da safe, a inuwa, ba a cikin rana tsaka ba kuma ba da fitilar waya ba. Muka riƙa ajiye farin yadi a gefe domin ido ya samu abin aunawa, muka ɗan karkata yadin domin ƙyallin bugu ya kama haske. Hotunan rini da na fata mun bar musu nauyi fiye da sauran. Kowane aiki kuma yana da hoto biyu: ƙarami da zai fara fitowa, da babba ga wanda ya danna yana son ya ga ƙullin zare ko sawun allura. Bangon shafin ma fari muka bar shi saboda haka. An kawo mana tsari mai launuka da adon dagi a kowace kusurwa, yana da kyau, amma yana gasa da aikin yaran, sai muka ajiye shi.

Yaya zan sa ɗana a aji? Ni ban iya cike fom a waya ba.

Fom ɗin yanzu tambaya biyar ce: sunan yaro, shekarunsa, unguwa, ajin da ake so, da lambar wayar uba ko uwa ko mai riƙo. Ba a neman imel, ba a buɗe asusu, babu lambar sirri da za a manta. Wanda bai son rubutu, akwai madannin WhatsApp a ƙasa, ya danna ya yi mana saƙon murya, mu za mu cike masa. A saman kowane shafin aji kuma akwai sauti da za a saurara, ɗaya daga cikin malamanmu ne ya karanta bayanin da bakinsa. Wanda duk wannan bai yi masa ba ya zo da ƙafarsa, rajistar takarda tana nan yadda take.

Kafin in kawo 'yata ina son in san me ake koyarwa, da wa zai koyar, da wa za ta zauna.

Haƙƙinku ne, kuma tsohon shafi bai faɗi ko ɗaya ba. Yanzu shafin kowane aji yana faɗin ko na mata ne zalla ko na maza, ko malama ce take koyarwa ko malami, da ranaku da lokaci. Mun tsara lokutan yadda ba za su ci karo da Islamiyya ba, akwai kuma ajin ranar Alhamis saboda almajirai da ɗaliban allo da ke hutu a ranar. Ana tsayawa a yi salla.

Iyaye da yawa suna tambaya game da zanen abu mai rai. Mun rubuta a fili a kan kowane aji ko akwai shi a ciki ko babu. Ajin zayyana, da na adon gini irin wanda ake gani a Gidan Makama da tsofaffin soraye, da na rini, da na dukanci, duk babu. Mun ga ya fi kyau uba ya sani tun yana gida ya yanke shawararsa, da ya zo ya tarar da abin da bai yi zato ba.

Za ku sa hoton 'yata a intanet?

Ba za mu sa ba sai da izininku a rubuce. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta wajabta neman yardar iyaye ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaron da bai kai shekara 18 ba. Ko da babu dokar ma, haka ya kamata.

Zan faɗi laifinmu a nan domin ya faru. A tsohon shafi akwai hotunan yara da aka ɗauka a bikin yaye ɗalibai aka ɗora ba tare da an tambayi kowa ba. Wata daga cikinsu ta girma har an sa mata rana, sai dangin mijin suka ga hoton yana yawo a waya. Mahaifinta ya zo ya same mu cikin mutunci, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Amana na ba ku." Mun cire hoton a ranar, mun ba shi haƙuri, amma abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba mu da ikon dawo da shi. Saboda wannan ne da muka tashi sabon gini muka sauke duk hotunan fuska na da, ba mu bar ko ɗaya ba.

Takardar izinin da za ku gani yanzu ta raba abu uku, kowanne da wurin amincewarsa: a nuna aikin yaro, a nuna hannunsa yana aiki, a nuna fuskarsa. Kuna iya yarda da na farko ku ƙi sauran, kuma hakan ba zai taɓa gurbinsa a aji ba. Ba ma rubuta cikakken sunan yaro, ko makarantarsa, ko unguwarsu. Ranar da kuka canja shawara, saƙo ɗaya ya isa mu cire. Za ku lura yawancin hotunan sabon shafin hannuwa ne: hannu riƙe da alƙalamin kara, hannu da ya yi shuɗi har wuyansa.

Aikin da aka ɗora na wane ne? Idan wani ya kwafi zanen ya buga a atamfa ko a hula fa?

Na wanda ya yi shi ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba maƙirƙiri haƙƙin abin da ya ƙirƙira, mu izinin nunawa kawai muka karɓa. Idan wani ya nemi saye ko amfani da wani zane, za mu haɗa shi da iyayen ɗalibin, ba ma yanke ciniki a bayansu.

Hana kwafa gaba ɗaya kuwa ba zai yiwu ba, duk abin da ido ya gani a waya ana iya ɗaukarsa. Abin da muka yi shi ne, hoton da ke shafin bai kai girman da za a buga shi a yadi ya yi kyau ba, asalin yana wurinmu a ajiye da kwanan watan da aka ɗauka. Akwai kuma abin da malamanmu suka ce kada a ɗora sam, kamar ma'aunin haɗa karofi da wasu dabarun jima da suka gada daga iyayensu. Wannan a aji ake koyonsa, baki da baki, kuma mun girmama hakan.

Makafi da kurame za su iya amfani da shi?

Mun yi ƙoƙari. Kowane hoto yana da bayani a ɓoye wanda manhajar karanta allo irin TalkBack za ta karanto, kuma bayanin na gaske ne: launin yadin, irin ƙullin, girman aikin. Rubutu yana ƙaruwa in an buɗa shi da yatsa ba tare da shafin ya wargaje ba. Bidiyoyinmu suna da rubutun abin da ake faɗa a ƙasa, bidiyon gabatarwa kuma akwai mai maganar hannu a gefe. Iyaye da malaman yara masu buƙata ta musamman, irin na makarantar Tudun Maliki, muna roƙonku ku gwada ku gaya mana inda muka gaza.

Ba kuna da Facebook ba? Me ya sa sai an kashe kuɗi a shafi?

Muna da shi, kuma za mu ci gaba da sa labarai a can. Amma sanarwar da aka sa yau, bayan mako biyu ta nutse, mai neman lokacin aji sai ya yi ta gangarawa. Sannan zaman can zaman haya ne, mai gida yana iya canja doka ko ya rufe ƙofa ba tare da ya tambaye mu ba. Ayyukan ɗalibai na shekaru suna buƙatar wurin da yake namu.

Da wane kuɗi aka yi aikin? Ba a taɓa kuɗin kayan yara ba?

Ba a taɓa ba. Wani tallafi ne da aka ba mu musamman don wannan, kuma lissafinsa yana cikin rahoton shekara da ke shafin "Amanar Kuɗi", tare da lambar rajistarmu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ga mai son ya tabbatar.

Darasi mafi tsada da muka koya shi ne na mabuɗi. Wanda ya gina mana tsohon shafi da sunansa ya yi rajistar adireshin, shi kaɗai ke da lambar sirri. Da ya bar gari muka yi watanni ba mu iya gyara ko harafi ɗaya ba, har sanarwar ajin da aka daɗe da rufewa tana nan tana kawo mutane. Yanzu adireshin da sunan ƙungiya yake, amintattu biyu suna riƙe da mabuɗin. An gina shafin a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, kuma tsofaffin ɗalibanmu biyu, mace da namiji, sun koyi ɗora hoto da gyara rubutu. Sauran ƙungiyoyi 'yan'uwanmu, don Allah ku duba sunan wa ke kan adireshinku tun yau. Adireshi mai ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, da naira ake biyansa, abin da ya zama sauƙi babba tun da dala ta tashi a 2023.

Ina son in taimaka. Ta yaya zan san kuɗina ya isa?

Lambar asusun ƙungiya tana shafin gudummawa, da sunan ƙungiya take, ba da sunan mutum ba. Kuna iya tiransifa daga waya ko ta wurin mai POS, ku turo mana shaida mu ba ku rasit. Ba za mu taɓa kiranku mu nemi lambar katinku ko lambar da banki ya turo muku ba, duk wanda ya yi haka da sunanmu ɗan damfara ne. Ba kuɗi kaɗai muke karɓa ba: farin yadi, fata, takarda, tsohuwar kyamara mai aiki, ko yini ɗaya na mai sana'a da zai zo ya zauna da yara.

Me ya rage ba a gama ba?

Ajamin sauran shafuka, kamar yadda na faɗa. Sai shafin tarihin sana'o'in Kano, daga Kasuwar Kurmi ta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa har zuwa unguwannin da suka ɗauki sunan sana'arsu, irin Dukawa da Soron Ɗinki. Muna ɗaukar muryoyin dattawan masu sana'a domin su ba da shi da bakinsu, kuma ba ma ɗora hirar kowa sai an mayar masa ya saurara ya amince. Uku sun amince, ana rubuta su. Na huɗun ya ce a dawo bayan salla akwai abin da ya manta bai faɗa ba game da yadda mahaifinsa yake gane karofi ya nuna ta hanyar ƙanshi.